Jagorar Fayil: Yadda Za Ka Adana Fina-Finai, Waƙoƙi da Takardunka Ba Tare da Asara Ba



Duk wanda ya san Ikara, Makarfi ko Hunkuyi a ranar kasuwa, ya san rumfar 'yan daunlodin: tebur ɗaya, laftof ɗaya, sifika tana tashi, wayoyi a jere suna caji, samari suna jiran a tura musu. Manomin rake daga Likoro yana son sabon fitowar Labarina, direban da ke lodin tumatir a Ikara yana son waƙoƙin da za su kai shi Kano, ɗalibar kwalejin Shehu Idris ta Makarfi kuma ta zo a buga mata aikin makaranta. Dukkansu abu ɗaya suke ɗauke da shi, wato fayil. Koke-kokensu ma iri ɗaya ne: fim ya ƙi buɗewa, ga hoto babu murya, memori ya cinye kaya, takarda ta watse wajen bugawa. Yawancin wannan ɓacin ran daga wuri 3 yake fitowa: nau'in fayil, nauyinsa, da inda aka ajiye shi. Idan ka gane su, kuɗinka da datarka sun huta.

Daga kaset zuwa memori

Fim ɗin Turmin Danya, wanda ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar a Kano a 1990, a kaset aka saye shi. Daga baya faifan CD ya karɓe kasuwa, 'yan kasuwar Ƙofar Wambai suna rarrabawa har ƙauyukanmu. Faifan bidiyo na CD ba ya ɗaukar fiye da minti 80. Zuwan waya mai memori ya karya kasuwar faifai, sai harkar ta koma tashoshi irin su Arewa24 da aka buɗe a 2014, da kuma YouTube, inda fina-finai masu dogon zango irin su Izzar So suka yi tashe tun daga 2020.

Idan akwai tsofaffin faifai a gidanku, kada a zubar. Saka faifan a kwamfuta, buɗe foldar da aka rubuta wa MPEGAV, za ka ga fayil mai suna irin AVSEQ01.DAT. Shi ne fim ɗin. Kwafe shi, VLC zai buɗe maka. A faifan DVD kuma foldar VIDEO_TS za ka duba, fayilolin da suka ƙare da VOB.

Wutsiyar suna ita ce shaidar fayil

Kowane fayil yana da 'yan haruffa bayan ɗigo a ƙarshen sunansa. Mu kira su wutsiya. Ita take gaya wa waya ko kwamfuta manhajar da za ta buɗe shi.

MP4: bidiyon da kusan kowace na'ura take karanta. Idan kana kokwanto, shi za ka nema.
3GP: na ƙananan wayoyi masu madannai. Ba nauyi, amma hoton dishi-dishi ne a babban allo.
MKV: yana iya ɗaukar murya fiye da ɗaya da rubutun fassara a ciki, shi ya sa fina-finan Indiya da na Koriya suke yawan zuwa da shi.
AVI: tsohon yayi ne, amma tsofaffin na'urorin DVD masu ramin filash sun fi jituwa da shi.
MP3: waƙa ko karatu, rediyon mota da sifikar Bluetooth duk suna ci.
M4A da OPUS: su ma murya ne. Saƙon murya na WhatsApp OPUS ne, shi ya sa rediyon mota ba ya ganinsa.
WAV: muryar situdiyo da ba a matse ba.
JPG da PNG: hoto.
DOCX: takardar Word da ake iya gyarawa.
PDF: takardar da aka kammala, ta karatu da bugawa.
ZIP da RAR: ƙunshin fayiloli, sai an kwance kafin a yi amfani da su.
EXE da APK: manhaja ce, ba fim ba, ba waƙa ba. Riƙe wannan da kyau.

Windows yakan ɓoye wutsiya. Domin ka gan ta, buɗe File Explorer, shiga View, ka sa alama a File name extensions.

Wani abu da ake yawan yi shi ne a goge MKV a rubuta MP4, wai an canza fim. Babu abin da aka canza, malam. Ka rubuta zuma a jikin galan ɗin manja, ai manja ne dai a ciki.

Me ke kawo hoto babu murya?

MP4 da MKV kamar kwano ne, abin da ke ciki shi ne tuwon. Bidiyon da ke ciki an matse shi da wata dabara, mafi yaɗuwa ita ce H.264. Akwai sabuwa mai suna H.265 ko HEVC, wadda take ba da hoto mai kyau a nauyi kaɗan, amma tsofaffin wayoyi da talabijin da yawa ba su iya karanta ta. Shi ya sa fim biyu, duk MP4, ɗaya ya yi a wayarka, ɗaya ya tsaya cak ko ya riƙa kakkarewa. Murya ma haka take: AAC da MP3 ba su da rigima, amma AC3 da EAC3 su ne suke sa MX Player ya nuna hoto shiru.

Magani na farko, gwada VLC. Kyauta ne, yana nan a waya da kwamfuta, kuma da wuya ya ƙi fayil. Idan dole a talabijin ko ƙaramar waya za a kalla, sai a juya fayil ɗin, abin da muke ce wa konbatin. HandBrake yana mayar da bidiyo MP4, zaɓi Fast 480p30 domin waya ko Fast 720p30 domin talabijin. Format Factory yana yin 3GP. Idan kuma muryar bidiyon waƙa kawai kake so, a VLC na kwamfuta danna Ctrl da R, saka bidiyon, ka zaɓi MP3.

Sai dai fa kowane konbatin yana rage inganci, kamar a yi fotokofin fotokofi. Ajiye na asali, ka juya daga gare shi. Kuma ƙaramin fim ba ya zama babba: 3GP da aka mayar 1080p nauyi kawai ya ƙara.

Lissafin nauyi

KB 1,024 su ne MB 1, MB 1,024 kuma GB 1. Nauyin waƙa ko fim ya danganta da tsawonsa da kuma yawan bayanan da ake zubawa a kowace daƙiƙa, wanda ake aunawa da kbps.

MP3 mai kbps 128: kusan MB 1 a minti, waƙar minti 5 kusan MB 5.
MP3 mai kbps 320: MB 2.4 a minti, waƙar minti 5 MB 12.
WAV irin na CD: kusan MB 10 a minti.
Bidiyo mai kbps 500: MB 225 a awa.
Bidiyo mai kbps 1,000: MB 450 a awa.
Bidiyo mai kbps 2,500: sama da GB 1 a awa.

A allon waya, 360p ko 480p ya wadatar da yawancin masu kallo. Wanda yake zaune a ƙauyen da sabis sai an hau tudu, ba ruwansa da 1080p. Da wannan lissafin, memori mai GB 16 zai ɗauki waƙa kusan 3,000 masu MB 5, ko fitowa sama da 60 na fim mai dogon zango idan kowace MB 225 ce.

Idan ka sayi memori mai GB 32 ka ga ya nuna 29 da ɗoriya, ba cuta ba ce. Kamfani yana lissafi da 1,000, kwamfuta tana yi da 1,024. Haka 16 yake nuna 14.9, 64 kuma 59.6.

Memori da filash

Kowane memori yana da tsarin da aka yi masa fomatin da shi. Masu GB 32 zuwa ƙasa yawanci FAT32 ne, wanda kusan kowace na'ura take karantawa, amma ba ya karɓar fayil guda da ya kai GB 4. Shi ya sa wani lokacin ga fili a filash, amma kwamfuta ta ce fim ya yi girma. Masu GB 64 zuwa sama exFAT ne, babu wannan iyakar, sai dai ƙananan wayoyi da rediyon mota da yawa ba sa ganinsa. Direban da ke zirga-zirga tsakanin Tashar Yari da Zariya, filash mai GB 8 ko 16 a FAT32 ya fi masa kwanciyar hankali. Ka tuna fomatin yana share komai, don haka a kwashe kaya tukuna.

Sai babbar matsala, memori na jabu. An rubuta 64 a jiki, waya ma ta nuna 64, alhali cikinsa bai wuce ɗan kaɗan ba. Za ka yi ta zuba kaya yana karɓa, sai daga baya fina-finai su ƙi buɗewa, foldoji su koma wasu baƙin haruffa. Abin da ya wuce ainihin cikinsa ba a ajiye shi ko'ina ba, saboda haka babu gwanin da zai dawo da shi. Manhajar H2testw, kyauta a Windows, tana cika memori ta sake karantawa ta faɗa maka gaskiyar girmansa. Idan babu ita, cika shi taf da fina-finai tun yana sabo, cire ka mayar, sannan ka buɗe na farko, na tsakiya da na ƙarshe. Idan farashi ya yi araha fiye da hankali, to kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Ƙa'idojin turawa

1. Yi Copy, kada ka yi Cut. Idan aka ɗauke wuta ko igiya ta motsa ana tsakiyar Cut, kaya sukan rabu biyu, ka rasa wanne ya tafi wanne ya rage. Kwafa da Ctrl da C, sauke da Ctrl da V, ka tabbatar ya buɗe, sannan ka goge na farko.
2. Kafin ka zare filash, danna masa Eject. Layin kwafa yana iya cika alhali ba a gama rubutawa ba.
3. Kafin ka bar rumfa, buɗe fim ɗin ka ja shi zuwa ƙarshe. Wanda ya yanke a hanya yakan fara lafiya ya mutu a tsakiya. Gara ka gani a nan da ka koma Paki ko Gubuchi ka gani.
4. Xender da Quick Share ba sa bukatar data wajen turawa tsakanin wayoyi, kuma sun fi Bluetooth sauri nesa ba kusa ba.
5. WhatsApp yana matse hoto da bidiyo. Idan kana son ya isa yadda yake, tura shi ta Document. Tun 2022 yana karɓar fayil har GB 2 ta wannan hanyar. Mawaƙi mai tasowa da zai aika waƙa situdiyo a Zariya ko Kano, wannan ce hanyarsa.

Bairos mai ɓoye kaya

Ka dawo daga turawa, ka saka filash, sai ka ga foldojinka duk sun koma 'yan ƙananan alamomi masu kibiya, nauyin kowanne KB 1 ko 2. Kada ka danna ko ɗaya, domin dannawar ce take shigar da bairos ɗin kwamfutarka, kuma abin da ya ci Doma ba ya barin Awai. Kada kuma ka yi saurin fomatin. Yawanci kayanka suna nan, ɓoye su aka yi.

Fara da sikanin filash ɗin da Microsoft Defender, wanda yake zuwa kyauta a Windows 10 da 11, ko Smadav da aka saba da shi a shaguna. Sannan buɗe Command Prompt ka rubuta wannan, ka danna Enter:

attrib -h -r -s /s /d E:\*.*

Harafin E shi ne na filash ɗin, idan naka F ne ko G sai ka canza. Foldojin za su bayyana. Kwashe su, goge masu kibiyar.

Fayil mai suna irin sabonfim.mp4.exe ba fim ba ne. Haka a waya, idan aka turo maka wai bidiyon wata jaruma amma wutsiyarsa APK ce, manhaja ce, kuma tana iya karanta saƙonninka har da lambobin da banki ke turo maka. Masu rumfa kuma su sani Microsoft ta daina tallafa wa Windows 7 tun Janairun 2020, Windows 10 kuma a Oktoban 2025. Laftof ɗin da filash ɗin jama'a ke shiga kullum ya fi kowanne bukatar kariya.

Idan kaya sun goge

A kwamfuta, Ctrl da Z yana dawo da abin da ka goge yanzu-yanzu, Recycle Bin kuma yana riƙe da sauran. Amma abin da aka goge daga filash ko memori ba ya shiga can. Dokar farko: daina zuba komai a kansa, ko hoto ɗaya. Gogewa suna kawai take cirewa daga jeri, kayan suna kwance har sai sabo ya hau kansu. Saka memorin a kwamfuta ka gwada Recuva ko PhotoRec, kuma abin da aka ceto a ajiye shi a wani wuri daban.

Rigakafi dai ya fi magani. Fim ana sake turowa, amma bidiyon bikin yayarka da hoton marigayi kakanku babu su a wajen ɗan daunlodin. Irin waɗannan a ajiye su wuri 2 ko 3: waya, filash a gida, da Google Drive, wanda ke ba kowane mai Gmail GB 15 kyauta, kuma abin da aka goge a can yana kwana 30 a kwandon shara. Filash ɗin gida a sa shi a leda ko ƙaramin gwangwani, saboda laimar damina da ƙurar hunturu.

Suna da tsari

Sa wa fitowar fim lamba 01, 02, 03 maimakon 1, 2, 3, domin wasu na'urorin sukan kawo 10 kafin 2, su ɓata maka labari. Idan shirin ya wuce fitowa 99, fara da 001. A Windows, F2 ne ke canza suna, idan kuma ka zaɓi fayiloli da yawa ka danna shi zai jera musu lamba da kansa. Ba ya karɓar waɗannan alamomin a suna: \ / : * ? " < > |

Waƙoƙi a ware wa kowa foldarsa: Nura M. Inuwa, Umar M. Shareef, Ali Jita, Hamisu Breaker, Ado Gwanja, haka dai. Idan waya tana nuna maka Unknown a gurbin mawaƙi, bayanan cikin MP3 ɗin ne babu. Danna fayil ɗin da maɓallin dama, shiga Properties, sannan Details, ka rubuta sunan mai waƙa na gaskiya. Mp3tag yana gyara da yawa a lokaci ɗaya.

Fim ɗin waje da ba a yi masa fassarar Hausa ba yakan zo da ƙaramin fayil mai wutsiyar SRT. Ba shi suna iri ɗaya sak da na fim ɗin, ka sa su folda ɗaya, rubutun zai fito da kansa.

Takardu

Ko labarin fim kake rubutawa, ko baitocin waƙa, ko aikin makaranta, ka saba da Ctrl da S. Word yana adana na gaggawa duk minti 10, amma wutarmu ba ta sallama kafin ta tafi. Idan za ka kai bugawa, mayar da takardar PDF ta Save As, ko ta WPS Office a waya. DOCX yakan watse idan kwamfutar shago ba ta da salon rubutun da ka yi amfani da shi, PDF kuwa yadda ka bar shi haka zai fito. Riƙe DOCX ɗin saboda gyara.

Haruffa masu ƙugiya suna da muhimmanci, domin kafa daban ƙafa daban. A waya, Gboard yana da Hausa. A Word, rubuta lambar harafin ka danna Alt da X: U+0199 zai ba ka ƙ, U+0257 ɗ, U+0253 ɓ. Manyansu U+0198, U+018A da U+0181. Tsofaffin salon rubutu irin su Rabi'at da Abdalla, waɗanda Farfesa Abdalla Uba Adamu ya samar, sun yi wa marubuta aiki sosai a zamaninsu, amma takardar da aka rubuta da su tana bukatar a same su a kwamfutar da za ta buɗe, in ba haka ba ƙugiyoyin su rikiɗe. A nan ma PDF ne mafita.

Domin sikanin sakamakon jarrabawa ko takardar haihuwa, manhajar Google Drive tana da kyamarar da ke mayar da takarda PDF. Shimfiɗa ta a wuri mai haske, ka ɗauka daga sama daidai.

Sirrinka

Tun da abin da aka goge yana iya dawowa, to duk wanda ka miƙa wa memorinka ka miƙa masa har abin da ka goge. 'Yan uwa mata, wannan ya fi shafar ku. A ware memori ko filash na turawa daban, wanda babu hoton gida a kansa. Za a kai waya gyara, a cire memori da layi. Idan ka yi aiki a kafe, fita daga Gmail da WhatsApp ɗinka, ka goge takardar NIN da sauran shaidunka daga kwamfutar, har cikin Recycle Bin.

Haƙƙin masu aikin

Fim ɗin da ake turawa a rumfa, wani ne ya zuba miliyoyinsa a kai. Najeriya tana da sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a 2023, kuma ta shafi abin da ake yaɗawa ta intanet. Ko ba doka, a yau yawan kallo a tashar mai fim ne yake biyan jarumai da masu ɗaukar hoto. Duk ranar da ka shigo gari ka samu sabis mai ƙarfi, kalli shirin a tasharsa ta asali. Manhajar YouTube tana bari a sauke wasu bidiyoyin a cikinta domin kallo daga baya babu data, ka je gida ka kalla hankali kwance.

Ku tura wa abokan da memori ya taɓa sa su kuka, sannan yau ɗin nan, kafin a kwanta, kowa ya kwafe hotunan gidansu zuwa wuri na biyu.